Baƙar Tauraruwa a Bangon Gogo

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, alif ɗari tara da casa'in da bakwai, kowa a Umdurman ya gan ta ban da kakata Gogo, alhali ita ce ta fi kowa jiran ta. Da an sallame magariba sai ka ga mutane a kan rufin ɗakuna da bakin layi, kowa ya ɗaga kai yana nuna arewa maso yamma. Gogo kuwa mu fito da ita tsakar gida a kan gadonta na igiya, ta ɗaga fuska, ta buɗe idanun nan da yana ta rufe, ta ce, "Ina take? Ku juya ni." Mu juya ta, ba ta ga komai ba. Haske da duhu kawai take rarrabewa, sai babban abu in an kawo shi dab da hancinta.

Gogo ta haura casa'in. Ta ce ta taɓa ganin tauraruwar sau ɗaya, tana yarinya, shekarar da haƙoranta na gaba suka zube, suna tafe a ƙasa daga ƙasar Hausa za su Makka, tafiyar da ba ta wuce gonakin auduga na Jazira ba. Mahaifiyarta ce ta ɗora ta a wuya ta nuna mata, ta ce, "Duba da kyau. In ta dawo ki gaishe min da ita, ni ba zan kai ba." Kafin damina ta sauka aka binne matar a gefen hanya. Wannan saƙon Gogo ta riƙe shekara tamanin da wani abu, ga baƙuwa ta iso, ido ya ƙi.

Ƙanena Salahuddin, mai tuƙa boksi, wato a-kori-kura, shi ne mai ilimin rediyo a gidanmu. Ya ce mata, yadda ake kiran kaka da Larabcin nan, "Ya haboba, wallahi ba ita ba ce. Rediyo ya ce wannan rabonta da zuwa shekara dubbai."

"Rediyon yana wurin ranar?" in ji Gogo. "Angona, kai dai tuƙa motarka."

Ni na san gaskiyar Salahuddin ce, kuma ko a jikina. Ni ce Mawahib, 'yar Malam Ibrahimu mai hoto. Babanmu ya yi shekara ashirin yana ɗaukar hoto a wani ofishin gwamnati a Khartum, sojoji suka hau, sunansa ya fito a jerin waɗanda aka sallama ba laifin tsaye ba na zaune. Ya dawo Kasuwar Umdurman ya buɗe ɗan shagon hoto tsakanin teloli da masu turare, ya koya min aikin tun daga haɗa ruwan wanki har bugawa. Da ya rasu na ci gaba da buɗe shagon. Mutanen kasuwa sun san ni da abu biyu, hoto mai kyau da baki, kuma na biyun ya fi tafiya nesa.

Na ce da Gogo zan kawo mata tauraruwar a takarda, babba, yadda za ta sa hanci ta gani. Faɗar ta fi aikin sauƙi. A cikin gari fitilu da hayaƙin motoci sun dusashe sama, tauraruwar tana fitowa ne dishi-dishi. Sannan a wancan zamanin in ka kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a fili, kafin ka gyara tsayuwa wani ya dafa kafaɗarka yana tambayar tasrihi, takardar izinin ɗaukar hoto. Gada ba a ɗauka, kogi ba a ɗauka, bishiyar da ke kusa da ofis ma ba a ɗauka. Wuri ɗaya na sani inda sama take nan yadda Allah ya yi ta, Sabaloka, can arewa inda kogin Nilu ke matsewa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Baba ya taɓa kai mu muna yara.

Ranar Juma'a, saura mako biyu Babbar Salla, muka ɗau hanya bayan an sauko daga masallaci. Kyamarar Baba tana ƙasan kwando, an lulluɓe ta da kisra, faffaɗar wainar dawa ta nan ƙasar, da tukunyar miya, ƙafafunta kuma a naɗe cikin tabarma. Ɓoye ta ya ƙona min rai, kamar na sato kayan ubana. Tun kafin mu haye gada Salahuddin yake roƙona.

"Yaya, alaik Allah, na haɗa ki da Allah, in mun zo shinge ki bar ni in yi magana. Bakinki kawai nake tsoro."

Na ce to. Muka iso shingen, wani soja ya leƙo, ya dubi kwando, ya dube mu, ya ce da Larabci me za mu yi a duwatsu da yamma haka.

"Kallon sama," na ce. "Ko ita ma an sa mata tasrihi?"

Salahuddin ya taka min ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Allah ya taimake mu sojan ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya ya ɗaga sandar. Daga nan har muka sauka daga kwalta ƙanena bai ƙara ce min uffan ba.

Mun isa da sauran rana. Na ɓata fim guda a kan kogi da duwatsu don in gwada kyamarar, rana tana ƙyalli a kan ruwa har ido ba ya iya tsayawa, wani mai kwalekwale yana turawa da doguwar gora a tsakiya. Muka ci kisra, muka yi magariba a kan yashi, sannan muka hau wani dutse mai faɗin kai. Duhu ya sauko, kuma duhun can ba irin na gari ba ne, tafin hannunka ma sai ka lalubo shi. Ƙarar ruwa kawai ke tasowa daga ƙasa.

Sai ga ta. A saman duwatsun ƙetare, fara sol, wutsiyarta a miƙe sama, Kaza da 'ya'yanta suna can gefenta na hagu. Ni da ba na rasa abin faɗa, na tsaya baki buɗe. Salahuddin ya manta yana fushi da ni, ya yi ta maimaita "Subhanallah" a hankali. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, don wadda ta fi mu cancantar tsayuwa a nan tana gida ana juya mata gado.

Hoton taurari ba a ƙyasta shi kamar na ango da amarya. Sai ka buɗe idon kyamara ka bar shi a buɗe, haske ya riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. In ka gaggauta ba ka samu komai ba, in ka daɗe sama ta juya taurari su zama zare. A duhu ba a ganin agogo, saboda haka Baba da carbi yake aunawa. Ya rufe idon kyamarar da hularsa, ya buɗe makullin shigar haske, ya janye hular a hankali don kada ta girgiza, ya ja ƙwaya talatin da uku, ya mayar da hular. Hular da carbin duk na zo da su. Na saka sabon fim, na yi ta yi, wani talatin da uku, wani ashirin, wani hamsin, har tauraruwar ta sauka bayan dutse. Ban taɓa yin tasbihi da natsuwa irin na daren nan ba, Allah ya yafe min.

Ranar Asabar na rufe kaina a ɗakin wanki. Fim in an wanke shi muna kiran sa afrita, saboda komai a juye yake fitowa, farin mutum ya koma baƙi, baƙin gashi ya koma furfura. Afritar rana, ta kogi, ta fito baƙa ƙirin. Ta dare kuwa ta fito garau kamar ba a taɓa saka ta a kyamara ba, sai ɗige-ɗige, da wani ɗan baƙin tabo mai jela wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na rataye su a igiya. Babbar takarda guda ɗaya ta rage daga cikin waɗanda Baba ya bari, na buga a kanta, na tsoma a ruwa, na tsaya ina kallon sama tana yin baƙi, tauraruwar tana fitowa fara. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake cizon yatsa. Al'adar shagonmu ce tun zamanin Baba, duk hoton da ya yi kyau sai ya yi yini guda a gilashin gaba kafin mai shi ya karɓa. Ba doka ba ce, ba wanda zai tambaye ni. Da na naɗe shi na kai gida da labarin ya ƙare a nan. Amma ina so teloli da masu turare, da masu shagon hoton da ke cewa aikin ba na mace ba ne, su gani. Na ce yini ɗaya ai ba komai, da yamma Gogo za ta samu. Lahadi da safe na manna shi a gilashi.

Kafin azahar layin ya toshe. Masu ɗinki suka bar kekuna, mata masu sayen lalle suka tsaya, har maƙera daga can ƙarshen kasuwa suka zo da baƙin hannunsu. Ina ciki ina jin kaina ya yi girma. Sai wani tsohon tela ya gyara tabarau, ya ce da Hausa, ba ma da ƙarfi ba, su dai kakanninsu sun ce in wannan ta fito, wani mai mulki ya kusa sauka. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wani ya juya maganar da Larabci, ta bi layi ta tafi. Ana kiran la'asar mota ta tsaya a bakin layin, taron ya watse kamar an zuba ruwa.

Su biyu suka shigo, ba kaki, sai rigar safari da baƙin tabarau. Babban na san shi sarai. Hamuda ne, ɗan unguwarmu, wanda Baba ya ɗauka hoton shiga makaranta yana kuka da majina. Uwarsa da Hausa take kiran sa cin abinci, amma tun da ya samu wannan aikin ya manta ta tas. Da Larabci ya yi min magana.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni, janabu," na ce, wato yallaɓai.

"Ina tasrihi?"

"Wanda ya rataye ta a sama bai nemi tasrihi ba. Ni kwafa kawai na yi."

"Kin san abin da mutane ke faɗa a bakin shagonki?"

"Kai ma ka sani, ai kakarka ta faɗa maka. In maganar tsofaffi ce ke hana ku barci, ku je ku kama tauraruwar, tana fitowa kullum bayan magariba."

Ya sa hannu ya ɓamɓare hoton daga gilashi, ya ninka shi huɗu, na ji takardar tana karyewa. Na ce masa na kakata ne, tsohuwar da ya sani, ba ta ma gan shi ba. Na ɗaga murya har masu turare suka leƙo, na kira shi da sunan da uwarsa ke kiran sa. Duk a banza. Ya miƙa wa yaronsa hoton, ya ɗauki kyamarar Baba daga kan tebur ya rataya a kafaɗa, sannan ya ce, "Saura afrita."

Hoton ya tafi, kyamara ta tafi, in afrita ta bi su Gogo ta rasa baƙuwarta ke nan har abada.

Ya tura ƙofar ɗakin wanki, ya kunna fitila. Ga su nan a igiya, biyu, kafaɗa da kafaɗa. Ya tuɓe tabarau, ya ciro ta farko ya ɗaga a haske. Baƙa ƙirin, kogi da tsakar rana. A tsakiyar baƙin ga wani ɗan farin tabo da siririn layi a jikinsa, mai kwalekwale da gorarsa. Na ga murmushi ya bazu a fuskar Hamuda.

"Ga daren, ga tauraruwar, ga wutsiyar," ya ce da yaronsa. "Ta ɗauka ba mu san aiki ba."

Ya cusa ta a aljihu. Sannan ya ciro ɗayar, ya ɗaga, ya juya ta, ya hango fitila ta cikinta tar.

"Wannan fa?"

"Ba komai a ciki, janabu," in ji yaron. "Ta lalace. Kashin ƙuda ne kawai."

Hamuda ya yi dariya ya dube ni. "Fim guda kin ɓata. Ashe haka aikin gidanku yake. Shi ya sa aka kori ubanki, ya yi shekara ashirin yana cin albashi bai iya komai ba."

Jama'a, na sha zagi a kasuwa na rama, ko sojan shinge ban ƙyale ba. Amsar wannan tana kan harshena a shirye, mai kyau, wadda za ta bi shi har kabari: jaki, dare a afrita fari ne, abin da ke aljihunka kwalekwale ne. Na ji ta tana tasowa, ta cika min baki, kunnuwana suna zafi. In na faɗa na wanke Baba a gaban kowa, Gogo kuma ta mutu da saƙonta. Na dafe tebur, na sa haƙori na danne leɓe har na ji gishirin jini. Na sunkuyar da kai kamar wadda kunya ta kama.

"Haka ne, janabu," na ce. "Ta lalace."

A duk rayuwata ban faɗi magana mai ɗaci kamar wannan ba. Ya saki afritar ta faɗi ƙasa, ya ce in fita za su rufe shago. Na duƙa kamar ina gyara takalmi, na tsince ta, na tura cikin hannun riga. Suka garƙame ƙofa da kwaɗonsu, suka ɗiga jan kakin hatimi a kai, na'urar buga hoto da ruwan wanki da komai suna ciki. Na bi ta tsakiyar layi kaina a sama, kowa ya duƙufa a kan aikinsa kamar bai san ni ba.

Ina shiga gida Gogo ta ji takuna. "Ƙawata, ina baƙuwar?"

Na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata duka, ban rage ba, har da yinin gilashi. Ta lalubo kunnena ta murɗe da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kin kai ta kasuwa kafin ki kawo ta gida. Baƙuwar uwata. Halin ubanki ne sak, shi ma in ya yi abin kirki sai duniya ta gani." Ta sake ni, ta juya fuska bango. "Ba komai. In na je na ce mata ban gan ta ba."

Wannan "ba komai" ya fi murɗar kunnen ciwo. Na yi kuka a bayan ɗaki, na haushin kaina, ba na Hamuda ba.

Kwana uku ina yawo da afrita a hannun riga. Masu shagon hoto biyu na je wa a Umdurman, ɗaya a Khartum, duk abokan Baba. Labari ya riga ni isa. Na farko ya ce na'urarsa ta lalace, alhali ina jin ƙarar ta. Na biyu ya ce takarda ta ƙare. Na Khartum ya fi su gaskiya, ya ce, "'Yata, ina da 'ya'ya bakwai," ya ba ni shayi ya raka ni bakin titi. Komawa Sabaloka kuma ba kyamara, ga wata ya fara girma yana cinye duhun, tauraruwar kullum tana ƙara yin ƙasa.

Ranar Alhamis aka shafe bangon tsakar gidanmu da farar ƙasa saboda Salla, kamar kowace shekara. Da hantsi ina zaune na fito da afritar ina duba ta da gilashin ƙara girma na Baba, wanda yake karatu da shi a ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa yake gida ba a shago ba. Rana ta ratsa fim ɗin, ta ratsa gilashin, ta faɗa a kan zanena. Na ga ɗan tabon nan ya fito a cinyata, ya fi na fim girma. Na ɗaga kai na dubi farin bangon. Na'urar buga hoto ai ba komai ba ce illa fitila da gilashi da duhu.

Salahuddin ya dawo da yamma na tare shi a ƙofa, na ce ya kwance min fitilar motarsa guda da batir.

"Yaya, inti majnuna? Kin haukace? An rufe miki shago, yanzu motata kike so a kwashe?"

"Kwance, ko in kwance da kaina in ɓata."

Ya san zan aikata, ya kwance. Muka samu kwalin sabulu, na huda shi gaba da baya, na sa fitila a ciki, na rufe bakinta da farin ƙyalle don hasken ya bazu daidai. Na matse afritar tsakanin gilasai biyu da na ciro daga firam ɗin hoton Baba, na riƙe gilashin ƙara girma a gaba. Bayan isha muka kashe fitilun gida. Salahuddin ya nufi ƙofar waje zai sa sakata.

"Bar ta a buɗe," na ce.

"Wani zai gani ya kai rahoto."

"Ya kai. Na sunkuyar da kai sau ɗaya, ya ishe ni har in mutu. Wannan bangon kakata ne, in suna so su zo su ninka shi huɗu su sa a aljihu."

Ya haɗa waya. Wani farin fili ya faɗa a bango, ya fi tabarma faɗi, ba komai a cikinsa sai hazo. Na matsa gilashin gaba, na dawo da shi baya. Sai ɗige-ɗigen suka tsaya cak, baƙaƙe, birjik, kuma a tsakiyarsu ga ta, tsawon hannun mutum, kai da wutsiya, baƙa a kan farar sama. Na saba da afrita har na manta abin da zai fito ke nan, kuma ba wannan na yi wa tsohuwa alkawari ba.

"Ta fito a juye," na ce da Salahuddin. "Ba za ta gane ta ba."

"Wa ya kunna rana da dare?" in ji Gogo daga kan gado. Ta juyo da fuskarta wajen hasken da kanta, ba wanda ya juya ta.

Salahuddin ya ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin yarinya ba. Da ya kai ta gaban bangon inuwarsu ta rufe komai, sai da na ce ya koma gefe, ya zaunar da ita a kan kujera dab da bango, kafaɗarta tana gogar farar ƙasa. Lokacin maƙwabta sun fara taruwa a bakin ƙofa, Awadiyya mai shayi da 'ya'yanta, da tsohon telan nan da ya jawo min, ya tuɓe hula ya riƙe a hannu. Fitila tana zafi, ina jin ƙaurin kwali, na san ba mu da lokaci mai yawa kafin fim ya narke.

Gogo ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa bango. Ta yi ta bin farin a hankali. Sai ta tsaya. Ta ɗaga yatsa ta ɗora daidai kan tauraruwar, ba kuskure, ta bi wutsiyar sama har inda hannunta ya kai. Farin abu a cikin duhu ya fi ƙarfin idonta, amma baƙi a kan farin bango mai haske, wannan ta gani.

"Gogo," na ce, "a juye take. Asalinta fara ce, na rasa yadda zan..."

"Yi min shiru, sarkin baki. Ni za ki gaya wa kamanninta?" Ba ta ɗauke yatsa ba. "Ita ce. Ta bar ni da baƙin kai na yi fari, na bar ta fara ta yi baƙi. Duk wanda ya sha hanya ai sai ya sauya."

Ta gyara lulluɓinta, ta miƙe zaune yadda take yi in babban baƙo ya shigo. Ta yi magana da Hausar da ban taɓa ji a bakinta ba, ta yarinya ƙarama.

"Sannu da zuwa. Inna ta ce in gaishe ki. Ta ce ita ba za ta kai ba, kuma ba ta kai ba, tana can gefen hanya. Ni ce 'yar da ke wuyanta." Ta ɗan karkata kai. "Ya hanya?"

Ta kasa kunne tana jiran amsa, mu ma duk muka jira tare da ita, har na bakin ƙofa. Gilashin ya yi zafi yana ƙona min yatsu, ban sauke hannu ba sai da ta gyaɗa kai.